Gidan Haruna Bayan Rushewar Haikali

A gefen farfajiyar Haikalin Kudus akwai wani zaure na sassaƙaƙƙun duwatsu inda babbar majalisar malaman Yahudawa, wato Sanhedrin, take zama. Cikin ayyukanta har da tantance masu hidima a gaban bagade. Saurayi yakan zo ya ce shi jinin Annabi Haruna ne, yana neman izinin shiga aikin kakanninsa, sai a baje asalinsa a faifai. Littafin Mishna, wanda aka tattara a Galili wajen shekara ta 200 miladiyya a ƙarƙashin Rabbi Yahuda Hanasi, ya ba da labarin cewa wanda aka samu tabo a nasabarsa yakan sa baƙaƙen kaya, ya lulluɓa da baƙi, ya fita ya kama gabansa. Wanda ya tsallake kuwa sai ya sa farare ya shiga cikin 'yan'uwansa.

Sau da yawa tabon ba wani laifi ba ne da saurayin ya aikata. Tambayar ita ce wace mace ubansa ya aura, wace ce kuma kakansa ya aura.

Yahudawa suna kiran ɗan wannan gida kohen, jam'insa kohanim, su ne waɗanda fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki ta kira firistoci. Ba karatu ke mai da mutum kohen ba, ba kuma naɗi ba. Gado ne daga uba zuwa ɗa, a cikin ƙabilar Lawi, ta tsatson Haruna. Su ke miƙa hadaya, su ke ƙona turare, su ke cin wani kaso na amfanin gona da manoma ke keɓewa, kuma a kansu Attaura ta ɗora wasu hane-hane da ba ta ɗora wa sauran Bani Isra'ila ba. Babi na 21 na Littafin Firistoci ya hana kohen kusantar gawa sai ta makusantansa na jini, ya kuma hana shi auren mata iri uku: wadda aka saka, wadda ta yi mu'amalar da shari'a ta haramta, da wadda aka haifa daga auren da bai halatta ga kohen ba. Babban firist an ƙara masa da cewa ko matar da mijinta ya rasu ba zai aura ba, sai budurwa daga cikin mutanensa. Daga baya malamai suka shigar da macen da ta shigo addinin daga waje cikin jerin waɗanda aka hana, haka ma matar mamacin da ɗan'uwan mijinta ya ƙi gadonta ta hanyar al'adar kwance takalmi.

Tsananin ya fito fili ne bayan zaman bauta a Babila. Nebukadnezzar ya rushe Haikali na farko a shekara ta 586 kafin miladiyya, sannan Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 ya ba Yahudawa damar komawa gida. Littafin Ezra ya ambaci gidaje uku na firistoci, na Habaya da Hakkoz da Barzillai, waɗanda suka nemi sunansu a takardun nasaba ba su gani ba. Aka dakatar da su daga hidima, aka hana su cin abinci mai tsarki. Mutum ya ƙetare hamada da iyalinsa don ya sake tsayawa inda kakansa ya tsaya, takarda guda da ta salwanta ta mayar da shi baya. Nehemiya ma ya ba da labarin yadda ya kori wani jikan babban firist Eliyashib daga gabansa saboda ya auri 'yar Sanballat, babban abokin hamayyarsa na Samariya.

Daga nan ajiyar takardu ta zama sana'a. Masanin tarihi Yusufus, wanda shi kansa kohen ne daga rukuni na farko cikin rukunoni 24 da ke karɓa-karɓar hidima mako-mako, ya rubuta cewa firistocin da ke zaune a Masar da Babila sukan aika da sunan amarya da na iyayenta da na shaidu zuwa Kudus, kuma duk bayan yaƙi akan sake tattara rajista. Mishna ta ce mai neman 'yar gidan firistoci sai ya binciki iyaye mata takwas a bayanta, huɗu ta wajen uwa, huɗu ta wajen uba. Darajar kuma tana da farashi: kotun firistoci takan sa a rubuta wa budurwarsu zuz 400 a takardar aure, ninki biyu na abin da aka saba, malamai kuma ba su hana ba.

Akwai wani sashe na dokar da ya taɓa girgiza sarauta. Macen da abokan gaba suka kama a yaƙi ana ɗaukar cewa an taɓa ta, don haka ba ta halatta ga kohen ba sai da shaidar da za ta wanke ta. Yohana Hirkanus, wanda ya riƙe mulki da babban firistanci tare daga 134 zuwa 104 kafin miladiyya, ya taɓa tara malaman Farisiyawa a wajen liyafa ya ce duk wanda ya ga kuskurensa ya faɗa. Wani mai suna Ele'azara ya miƙe ya ce ya sauka daga firistanci, mulki ya ishe shi, domin dattawa suna cewa an taɓa kama mahaifiyarsa a zamanin sarki Antiyokus. Yusufus ya ce zancen ƙarya ne, amma Hirkanus ya fusata har ya rabu da Farisiyawa ya koma ɓangaren Sadukiyawa. Jita-jitar ba ta mutu ba. Ɗansa Iskandar Yannai yana tsaye a bagade a Idin Bukkoki jama'a suka yi ta jifansa da lemon da ake riƙewa a hannu a idin, suna masa gorin cewa jikan kamammiya ne. A lissafin Yusufus, mutum wajen 6,000 ya kashe a kan wannan. Shi Yusufus ɗin ma bai kuɓuta ba: a tarihin rayuwarsa ya ce lokacin da yake tsare a hannun Rumawa, babban kwamandansu Basbasiyan ya sa shi auren wata daga cikin kamammun Kaisariya, kuma auren bai daɗe ba.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka shari'ar firistoci jini da takarda ce kawai, ba ruwanta da abin da ke cikin zuciya. Amma a gaban bagade lamarin ya sha bamban, har ma yana da wuya a samu wani fage a shari'ar Yahudawa da aka ba niyya ƙarfi kamar nan.

Hadayar dabba tana da matakai huɗu: yanka, tarar jinin a kwano, kai shi bagade, da yayyafa shi. Kowace hadaya kuma tana da wa'adin cin namanta, wata yini da dare, wata yini biyu da daren da ke tsakani. Attaura ta ce naman da aka ci a rana ta uku ba a karɓe shi ba. Malaman Mishna suka fahimci ayar a kan tunanin mai hidima ne tun yana bakin aiki. Idan a ɗaya daga cikin matakan huɗun nan ya ƙudura cewa za a ci naman bayan wa'adi, hadayar ta lalace nan take, ko da a ƙarshe an cinye naman a kan lokaci. Wuƙa ta yi kaifi, dabba ba ta da aibi, jini ya isa inda ake so, mai kallo bai ga komai ba, amma hadaya ta tashi a banza, kuma wanda ya ci namanta da sani ya jawo wa kansa hukuncin yankewa daga jama'a. Wannan shi ake kira figgul. Haka nan idan aka yanka wata hadaya da sunan wata: yawancinsu suna nan da tsarkinsu amma ba su sauke wa mai su nauyin da ke kansa ba, sai ya kawo wata, ragon Idin Ƙetarewa da hadayar zunubi kuwa sun ɓaci gaba ɗaya. Malamai na baya sun yi saɓani kan ko tunani kaɗai ya isa ko sai an furta, amma babu wanda ya yi musun cewa zuciyar mai hidima ake bi, ba ta mai dabba ba.

A nan ne tambayar adalci ta taso. Manomi ya koro sa daga Galili, tafiyar kwanaki, kohen ya ɓata masa shi da tunani guda. Wa zai biya? Mishna ta ce idan da gangan ya yi, sai ya biya, idan kuskure ne babu komai a kansa. A Talmud, littafin da ya yi sharhin Mishna, an kawo hujjoji biyu. Wani malami mai suna Hezekiya ya ce asali ɓarnar da ido ba ya gani ita ma ɓarna ce, an yafe wa mai kuskure ne don kada tsoron biya ya sa ya yi shiru mutane su ci abin da ya haramta. Rabbi Yohanan ya ce asali babu biya, an ci tarar mai ganganci ne don kada kowa ya riƙa lalata kayan ɗan'uwansa ya ce ai ba abin da ya canza. Duka biyun sun san cewa babu mai shaida a kan zuciyar kohen sai shi kansa.

To, wannan mutumin da aka yarda da maganarsa a kan abin da ya raya a ransa a bagade, ba a yarda da ita a kan matarsa ba. Labarin Rabbi Zakariya ɗan Mahauci shi ne mafi ciwo a wannan babi. Kohen ne da ya ga shigar sojojin abokan gaba Kudus. Hukuncin shi ne duk garin da runduna ta ci da yaƙi, matan firistocin cikinsa sun haramta ga mazajensu sai in akwai shaida, kuma an sassauta har ana karɓar shaidar bawa ko kuyanga. Zakariya ya rantse da Haikali cewa hannun matarsa bai bar nasa ba tun daga shigar sojojin har fitarsu. Abokansa malamai suka ce masa mutum ba ya yi wa kansa shaida. Talmud ya ƙara da cewa bai kore ta ba. Ya keɓe mata ɗaki a cikin gidansa, in za ta fita sai ta riga 'ya'yanta fita, in za ta dawo sai ta bari su riga ta shiga, don kada a wayi gari su biyu kaɗai ne a gidan.

Babu wanda ya zargi matar nan da komai. Ga Bayahuden da ba kohen ba, matar da aka yi wa fin ƙarfi tana nan halal ga mijinta, domin ba da yardarta ba ne. Ga kohen kaɗai ne yarda da rashin yarda ba sa sauya hukunci. Duk mai karanta waɗannan shafuka da zuciya ɗaya zai ga cewa mata ne suka fi ɗaukar nauyin tsarkin gidan Haruna, kuma littattafan da suka adana sunan Zakariya ba su adana sunan matarsa ba.

Malaman ba su jahilci wannan nauyi ba, kuma inda suka samu ƙofa sun buɗe. Wata dabararsu ta shafi saki. Musulmin da ya saba da kome bayan saki ɗaya ko biyu zai ga tsarin daban ne: Bayahude yana iya mayar da matar da ya saka muddin ba ta auri wani a tsakani ba, amma kohen saki ɗaya ya rufe masa ƙofa har abada, tunda matar ta zama sakakkiya, ko da shi ne ya sake ta. Talmud ya ce akwai wani gari na firistoci masu saurin fushi da suke yawan sakin matansu, sai malamai suka ƙirƙiro musu takardar saki mai ninki. Marubuci zai rubuta ɗan layi, a ninke, a ɗinke, shaida ya sa hannu a bayan ninkin, a sake rubutu, a sake ninkewa, kuma shaidu ba za su gaza uku ba maimakon biyu. Kafin a gama, ana fatan zuciyar maigida ta huce. Sannan ga labarin Yoshuwa ɗan Gamla, wanda aka ɗaura masa alkawarin aure da Marta 'yar Boyetus, attajira wadda mijinta ya rasu, sai sarki ya naɗa shi babban firist 'yan shekaru kafin rushewar Haikali. Aka bar shi ya tare da ita, da hujjar cewa lokacin da aka ƙulla alkawarin shi kohen ne kamar kowa. Talmud bai ɓoye cewa dukiyar Marta ce ta sayo masa kujerar ba, amma ya yaba masa da cewa shi ya sa aka zuba malaman yara a kowane gari, ana kai musu 'yan shekara shida ko bakwai.

A shekara ta 70 miladiyya sojojin Rumawa ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikali. Bagade ya tafi, hadaya ta tsaya, rukunonin firistoci suka watsu a ƙauyukan Galili. Wani ɓallin dutse da aka tono a Kaisariya a 1962 ya nuna majami'u sun ci gaba da rubuta sunayen rukunoni 24 tare da ƙauyen da kowanne ya sauka, har da Nazarat. An samu irin wannan jeri a jikin wani ginshiƙi a ƙasar Yaman. A tsibirin Jarba na Tunisiya kuwa akwai ƙauyen da ya shahara da cewa mazaunansa Yahudawa firistoci ne, kusa da tsohuwar majami'ar Ghariba.

Zancen niyya bai mutu da bagade ba, ƙaura ya yi zuwa addu'a da sauran ibadu. Mishna ta kawo misalin mutum biyu da suka wuce ta bayan majami'a ranar sabuwar shekara suka ji ana busa ƙahon rago. Kunnuwansu sun ji abu ɗaya, amma wanda ya fuskantar da zuciyarsa ne kaɗai ya sauke farali. Ta kuma ce masu tsoron Allah na dā sukan zauna shiru na sa'a guda kafin su fara addu'a. A makarantun Babila an ja da wannan. Rava, babban malamin ƙarni na 4, yana ganin aikin da aka umarta ya inganta ko babu niyya, kuma an kawo hukuncin mutumin da aka tilasta wa cin gurasa marar yisti a daren Idin Ƙetarewa, aka ce ya sauke. Muhawarar ta ɗauki ƙarnoni. Bahya ibn Fakuda na Saragosa a Andalus ya rubuta littafi guda da Larabci a ƙarni na 11 kan farillan zukata, inda ya amfana da rubuce-rubucen masu zuhudu na Musulmi. Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Fustat ta Masar a 1204, ya yanke cewa addu'ar da aka yi babu halartar zuciya sai an sake ta. Yusuf Karo na Safad, a littafinsa Shulhan Aruk da aka buga a Banis a 1565, ya rinjayar da cewa umarnan Attaura suna buƙatar niyya, kuma a kan haka masu bin tsohuwar shari'a suke har yau.

Shi kuwa kohen, abin da ya rage masa kaɗan ne. Shi ake fara kira idan za a karanta Attaura a majami'a. Shi ake ba shekel biyar na azurfa don fansar ɗan fari namiji bayan ya cika kwana 30. Shi ke cire takalmi ya hau gaban jama'a, ya lulluɓe kansa da mayafin addu'a, ya ware yatsu ya sa albarkar nan ta babi na 6 na Littafin Ƙidaya, wadda aka samu rubuce a wasu layu biyu na azurfa a kabarin Ketef Hinnom a Kudus a 1979, masu shekaru kusan 2,600. A wannan albarka ce niyya da aure suka sake haɗuwa. Littattafan fiƙihunsu sun ce kohen da ke ƙin jama'arsa, ko suke ƙinsa, kada ya hau, domin da ƙauna aka umarce shi ya sa albarka. Yahudawan Turai ma sun taƙaita ta ga ranakun idi, kuma Musa Isserles na Krakow ya bayyana dalili da cewa sauran ranaku hankalin mutane yana kan neman abinci, albarka kuwa tana son farin ciki. A cikin waɗannan littattafan dai aka ce kohen da ya auri sakakkiya ba zai hau ba, komai yawan ƙaunarsa ga jama'a, sai ya rabu da ita. Auren ya ɗauru, amma 'ya'yansa maza daga gare ta sun fita daga firistanci, 'ya'yansa mata kuma ba za su auri kohen ba.

Zamani ya raba kan Yahudawa a kan batun. Malaman ɓangaren Rifom da suka taru a Filadelfiya ta Amurka a 1869 sun soke bambancin firistoci da sauran jama'a ɗungurungum. Ɓangaren da ake kira Konsabatib ya amince a 1996 malamansa su ɗaura irin wannan aure. Masu riƙe da tsohuwar hanya ba su motsa ba, ko da yake bayan 1945, da matan firistoci suka fito daga sansanonin 'yan Nazi, manyan malamai da dama sun bi duk wata kafa ta sassauci da ke cikin littattafai don kada a raba waɗanda suka tsira. A Isra'ila dokar 1953 ta damƙa auren Yahudawa da sakinsu a hannun kotunan malamai, kuma ba a ɗaura auren rajista a cikin ƙasar, shi ya sa ma'aurata da yawa suke tsallakawa Kubrus su ɗauro su dawo a yi musu rajista. Hayim Kohn, kohen kuma alƙali a kotun ƙoli, ya tafi birnin Niyok a 1966 ya auri wata da aka taɓa saka, aka yi ta cece-kuce a kai, ya kuma ci gaba da zama a kujerarsa.

Takardun nasaba irin na zamanin Yusufus sun daɗe da ɓacewa. Tun ƙarni na 14 Ishaku bin Sheshet, wanda ya ƙare rayuwarsa a Aljaza'ir, ya rubuta cewa firistocin zamaninsa ba su da hujja rubutacciya, ana ɗaukarsu ne a kan abin da aka san gidansu da shi. A 1997 likita Karl Skorecki, shi ma kohen, tare da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna firistoci da yawa daga Turai da ƙasashen Gabas suna da alamomi iri ɗaya a ƙwayar gadon da ɗa ke karɓa daga uba. Binciken da ya biyo baya ya nuna tsatson ba ɗaya ba ne, kuma ana samun wasu alamomin a cikin sauran al'ummomin yankin. Kotunan malamai ba sa yanke hukunci da gwajin jini. Idan mutum ya zo gabansu a yau, kuma sau da yawa yana zuwa ne don ya tabbatar shi ba kohen ba ne saboda yana son auren bazawarar da aka saka, sukan tambaye shi ko ya taɓa ganin mahaifinsa ya hau sa albarka, da wane laƙabi ake kiran kakansa a majami'a, me aka rubuta a takardar auren iyayensa, da kuma ko wanda ya fara gaya masa cewa su gidan Haruna ne mutum ne da shari'a ke karɓar shaidarsa.